Yadda ake canza sitabilaizar baya a Toyota 86, BRZ da FR-S

Sandar ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin bayan mota daga tayar hagu zuwa ta dama, wadda makanikanmu ke kira sitabilaiza, wuri shida kacal aka ɗaure ta a Toyota 86. Huɗu a kan kilam guda biyu, wato maƙalan ƙarfe da ke riƙe ta a jikin firam, biyu a kan linkej, 'yan gajerun sandunan da ke haɗa ta da ƙafafun taya. Duk wanda ya taɓa canza birkin motarsa da hannunsa zai gama aikin nan cikin awa ɗaya zuwa biyu in dai tsatsa ba ta ci notin ba. Toh sauƙin nan shi ke yaudarar mutane, don ƙusoshi shidan nan suna iya canza halin motar gaba ɗaya, daga mai ladabi a kwana ta koma wadda za ta juyo da kai kana kallon inda ka fito. Ni kam ya taɓa faruwa da ni, zan zo kan labarin.

Ga wanda bai san motar ba, 86 da Subaru BRZ da Scion FR-S duk abu ɗaya ne da suna uku. Toyota da Subaru ne suka haɗa hannu suka yi ta, aka fara sayarwa a 2012, kuma a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake ƙera ta. A Turai GT86 suke ce mata, a Amurka kuma FR-S har zuwa 2016 da aka rufe Scion sai ta koma 86. Injin lita 2 ne irin na Subaru mai kwance, doki wajen 200, mai jan baya ce, nauyinta kilo 1,250 ko da 'yan kai. Tawa FR-S ce ta 2014 da ta zo daga Amurka, saboda haka duk abun da zan faɗa a nan na tsarin farko ne. In taka sabuwar ce mai lita 2.4 ka yi hattara wajen oda, domin a BRZ ta 2022 a jikin bodi aka ɗaure sandar baya kai tsaye, a GR86 ta Toyota kuma a jikin firam ɗin baya take, kar ka ɗauka ta wannan za ta shiga waccan.

Abun da sandar ke yi

Ka ɗauko zani jiƙaƙƙe kai da wani, kowa ya kama baki ɗaya. In kun ɗaga hannu tare babu abun da zai samu zanin, amma in kai ka murɗa sama shi ya murɗa ƙasa sai zanin ya fara turjiya. Haka sitabilaiza take. Siffar U gare ta, tsakiyarta a ɗaure a firam cikin bushin biyu, wato robobin da suka rungume ta, hannayenta biyu kuma kowanne ya sauka kan lowa am, ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya, na taya ɗaya ta hanyar linkej. In ka hau kan bom ɗin titi tayoyin baya biyu suka tashi tare, sandar juyawa kawai take yi cikin bushin, ba ta aikin komai. In ka shiga kwana bodi ya kwanta gefe ɗaya, tayar waje ta nutse ta ciki ta saki, nan ne sandar ke murɗewa tana ƙin yarda.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Suna ɗauka tunda sanda mai kauri na rage kwanciyar bodi, toh lallai ta ƙara wa bayan mota riƙon titi. A'a, akasin haka ne ma. Nauyin da ke komawa tayoyin waje a kwana bai canzawa don ka canza sanda, wannan ya danganta ne da nauyin motar da tsayinta daga ƙasa da faɗin tsakanin tayoyi da gudun da ka shigo da shi. Abun da sandar ke canzawa shi ne rabon, wato gaba ne zai ɗauki kaso mai yawa ko baya. Ita kuma taya tana da wani hali, in ka ninka mata nauyi ba ta ninka maka riƙo, tana ƙarawa dai amma bai kai ninki ba. Don haka tayoyi biyu da suka raba kaya daidai sun fi riƙe titi a kan biyun da ɗaya ta ɗauke kusan duka ɗayar na shawagi. Ka ƙara wa baya tauri, baya ya ɗauki kaso mai yawa na wannan rashin daidaiton, riƙon baya ya ragu, na gaba ya ƙaru. Shi kenan sirrin.

Shi ya sa a mota mai jan gaba kamar Golf GTI ko Civic sandar baya ce gyaran farko da masu son kwana ke yi, don su matsalarsu hanci ne, ka murɗa sitiyari motar ta ƙi bi ta miƙe da kai, abun da ake kira andastiya. A 86 kuwa tayoyin bayan nan su ne kuma ke tura motar, kuma tun daga kamfani da gangan aka yi ta mai saurin sakin baya, har tayar da aka sa mata siririya ce 215/45R17 irin Michelin Primacy da ake sa wa wasu Prius, don mutum ya ji daɗin zamiya ba tare da gudun hauka ba. FR-S ta farko ma ta fi BRZ wannan hali saboda sifirin ɗinta na baya sun fi tauri na gaba kuma sun fi laushi. Toh in ka zo ka ƙara mata ƙatuwar sanda a baya ka bar gaba yadda yake, kamar ka ƙara barkono ne a yajin da dama yana sa hawaye.

Wane kauri za ka saya

Daga kamfani ta gaba 18mm ce, ta baya 14mm a motocin farko har zuwa 2016, a gyaran fuskar 2017 aka ɗaga ta baya zuwa 15mm. In kana so ka tabbatar da taka ba sai ka nemo na'urar awo ba, goge sandar ka zura mata sifana mai buɗaɗɗen baki, in lamba 14 ta shige daidai toh 14 ce, in ta ƙi sai 15 ka san amsa. Yi wannan kafin ka kashe kuɗi don mota 'yar tokumbo ba ka san abun da mai ita na farko ya sa mata ba.

Yanzu lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Taurin sanda ba ya tafiya da kauri kai tsaye, yana tafiya ne da kaurin in an ninka shi da kansa sau huɗu. Daga 14 zuwa 16 a ido milimita biyu ne kawai, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Daga 14 zuwa 18 ya kusa ninki uku, 2.7 in ka buga. 19 kuwa ya haura ninki uku. Ko ɗan ƙarin nan na kamfani daga 14 zuwa 15 kusan kashi 30 ne. Wannan lissafin na sandar da ke cike ne mai siffa iri ɗaya, akwai masu rami a ciki kamar bututu, su kaurin waje bai isa ya gaya maka taurinsu ba sai ka san kaurin bangon, don haka kar ka kwatanta 19 mai rami da 19 cikakkiya.

Whiteline na Ostireliya suna yin 16 da 18 masu ramukan saiti, Perrin na Amurka suna da 16 da 19, Cusco na Japan ma suna yi, akwai Eibach da Hotchkis da suka fi sayar da gaba da baya tare. Ra'ayina, in sandar gaba ta kamfani ce kuma a titi kake tuƙi, 16 mai saiti ka saya ka huta. 18 da 19 na wanda ya riga ya ƙara ta gaba ne ko ya sa tayoyi masu faɗi masu riƙo, ko kuma mai wasan zamiya a fili da ya san abun da yake nema. In za ka wuce 16 ka nemi ƙarfen tallafi da ake sayarwa na kunnuwan da kilam ke zama a kai, kunnuwan nan ba su da kauri sosai, sanda mai tauri tana lanƙwasa su a hankali.

Ni 19 na fara saya, don na ga farashin kusan ɗaya ne sai na ce ai gara babba. Na sa ta a ramin saiti na tsakiya, kwana biyu ina jin kaina kamar direban tsere, rana ta uku da sassafe na shiga wani shataletale da yashi ya ɗan kwanta a bakin kwalta, ban ma kai gudun kirki ba, na ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana sai kawai na ji bayan ya tafi. Allah Ya taimaka babu kowa kuma na'urar hana zamiya a kunne take ta kama motar da wata irin ƙara, amma sai da na tsaya gefe gabana na dukan uku-uku. Satin ya zagayo na sayar da ita na sayo 16.

Wani abu kuma kafin oda, in shokabzoba ɗinka sun mutu ko tayoyin baya sun suɗe ko bushin ɗin lowa am sun tsage, gyara su tukuna. Sanda ba ta maganin wannan, ƙara fito da shi fili ma take yi.

Kayan aiki

Soket da sifana lamba 12 da 14, alanki lamba 5, lamba 19 ta notin taya, jak mai kyau na gareji, ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai, waigi biyu, WD-40 ko wani man sassauta tsatsa, burushin waya, filaya mai kulle, tsumma, da sifana mai awon ƙarfi in kana da ita ko za ka iya ara. Wasu makanikai man birki suke zuba wa noti mai tsatsa, yana ɗan aiki amma yana cin fenti, ni ban so.

In kana da wanda zai ba ka aron ramin gareji irin na juyen baƙin mai, wallahi ya fi komai, motar na tsaye kan tayoyinta kai kana ƙasa a tsaye, ba jak ba cire taya, kuma ƙarshen aikin dama haka ake so a ɗaure. In babu, bi ta jak.

Aikin kansa

Da farko bar motar ta huce. Salansa na nan dab da sandar, hannunka zai goge ta ko kana so ko ba ka so. Tun daren jiya ma in da hali ka fesa wa notin shida mai su kwana suna sha, musamman motar da ta fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara inda ake watsa gishiri a titi, ƙarƙashinsu ja wur yake da tsatsa.

Ajiye ta a kan siminti mai daidai, ba kan ƙasa ko yashi ba. Sa waigi gaba da bayan tayoyin GABA. Na rubuta da manyan baƙi ne don birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, giya ma tayoyin baya take kamawa, da zarar ka ɗaga bayan sama babu abun da ke hana motar gangarawa sai waigin nan. Ɗan sassauta notin tayoyin baya tana ƙasa, sa jak a ƙarƙashin difarenshal ka ɗaga, sannan ka zura ƙafafun ƙarfe a wurin da aka tanada a gefen bodi hagu da dama, ka sauke motar a kansu ka girgiza ta da hannu ka gani. Kar ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, kar kuma ka jera bulo, bulo na fashewa ba sallama. Tayoyin da ka cire tura su ƙarƙashin gefen motar a kwance, in wani abu ya faru su tare.

Dole duka ɓangarorin biyu su tashi tare. In ka ɗaga gefe ɗaya sandar a murɗe take, linkej zai ƙi fita, in ya fita kuma da ƙarfi zai fizge.

Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da waya, hagu da dama da tsakiya. Ka lura ta ina sandar ta bi salansa, lanƙwasar tsakiyarta sama take kallo ko ƙasa, linkej ta ciki ya shiga hannun sandar ko ta waje. Sandar tana shiga a kife ba tare da ta yi gardama ba, sai ka gama ɗaurewa ka sauke mota ka ji tana bugun salansa.

Sai linkej. Noti lamba 14 ne a inda ya haɗu da hannun sandar. Ƙusar tana da ƙwallo a ciki, in ka juya noti sai ta bi shi suna ta zagaye tare, shi ya sa aka yi mata ramin alanki a baki. Goge zaren da burushi, ƙwaƙule ramin da ƙusa siririya ka fitar da datti, buga alankin da ɗan guduma ya shige har ƙarshe, sannan ka riƙe shi ka juya notin da sifana. Notin ake juyawa, alanki riƙo kawai yake yi. Nan ne aikin ke cin lokaci, nawa na dama ramin alankin ya cinye ya zama zagaye, sai da na tura robar baya na kama ƙusar da filaya mai kulle, robar ta yage, dole na sayi sabon linkej. Don haka shawara, in motar ta haura shekara goma sayi linkej biyu tare da sandar tun farko, in ya zo ga yanka noti da zarto ba za ka damu ba. In linkej ɗin lafiya suke bar ƙasansu a ɗaure a lowa am, saman kawai za ka zare.

Kilam kuma lamba 12, biyu-biyu kowane gefe. Kwance gefe ɗaya gaba ɗaya, ɗaya gefen ka bar guda ɗaya a sassauce har sai ka tallafe sandar, ba nauyi gare ta ba amma a goshi tana da zafi. Ajiye kilam ɗin yadda ka cire su na hagu daban na dama daban.

Fito da sandar ɗan wasa ne na haƙuri, ka tura ta gefe ɗaya ka juya hannun ka kewaye salansa. In ta ƙi, musamman in salansar ba ta kamfani ba ce, fesa ruwan sabulu a robobin da ke rataye tukunyar salansa ka zame ɗaya ko biyu ta ɗan sauko, ka tallafe ta da wani abu kar ta rataya a kan bututu. Yi a hankali kusa da tiyon birki da wayar ABS.

Ta fito, shimfiɗa ta a ƙasa ka ɗora sabuwar a kanta. Siffa ta zo ɗaya? Faɗi ɗaya? Nan za ka gane gefen da ke sama, ka ɗaura ɗan tsumma ko salatif a hannun hagu don kar ka rikice a ƙarƙashi. In akwai rubutun kamfani a jikin sandar yawanci a miƙe ake karanta shi in kana kallo daga baya, amma hoton da ka ɗauka shi ne alƙali.

Bushin na tsohuwar ba zai yi ba, ramin 14 ba ya ɗaukar 16, sababbi na zuwa a kwali. Mafi yawa na roba mai tauri ne da ake kira foliyuretan, shi kuma in ba giris sai ya dinga kuka ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofa. Yi amfani da giris ɗin da suka haɗo da shi, fari ne mai danƙo, ka shafe cikin bushin da wurin da zai zauna a sandar. In babu nemi mai silikon, kar ka sa baƙin giris na boris ko tsohon baƙin mai. Wasu bushin ɗin suna zuwa da wani ɗan yadi a manne a ciki, su an yi su ne ba sa buƙatar giris, duba takardar. Bushin a tsage yake gefe ɗaya, buɗe shi ka rungumar da sandar, tsagin ya kalli inda na tsohon ya kalla.

Zura sabuwar ta hanyar da tsohuwar ta fito, mayar da kilam, kama ƙusoshin da yatsa tukuna su shiga zare lafiya kafin sifana ta taɓa su, ka ɗaure sama-sama yadda sandar za ta iya motsi. Daidaita ta a tsakiya, auna tazarar hagu da dama da tef ko da yatsu su zo ɗaya. In an haɗo da zobba masu hana ta zamewa gefe sa su a jikin bushin ka bar ɗan sarari kamar kaurin kati.

Yanzu ramukan saiti. A hannun sandar za ka ga rami biyu ko uku a jere. Na can ƙarshe, wanda ya fi nisa da lanƙwasa, shi ne mafi laushi don hannun ya yi tsawo, kamar yadda doguwar sifana ke murɗa noti cikin sauƙi. Na kusa da lanƙwasa shi ne mafi tauri. Fara da na ƙarshe, mafi laushi, kuma hagu da dama rami iri ɗaya. Na san zuciya za ta ce maka ai tauri ka saya, ƙyale ta, 16 a mafi laushi ma ta riga ta wuce ta kamfani.

Sa linkej ka ɗaura noti sama-sama. Mayar da robar salansa in ka cire. Sa tayoyi, sauke mota, ɗaure notin taya a gicciye zuwa 120 Nm a sifana mai awon ƙarfi, ka tura motar gaba da baya kaɗan ka danna bayanta sau biyu uku ta zauna daidai.

Ɗaurin ƙarshe ana yin shi ne motar na kan tayoyinta, ko a rami ko ka hau da tayoyin baya kan katakai masu kauri daidai da juna. Dalili shi ne in ka ɗaure komai tam tayoyi na rataye, da ka sauke mota bushin zai zauna a murɗe, ya dinga wahala har ya tsage da wuri. Awon ƙarfin kilam da na linkej yana cikin takardar da ta zo da sandar da littafin gyaran motar, bi shi. Ƙusoshin kilam ƙanana ne, kar ka sa musu bututu a sifana ka hau kai irin yadda ake wa notin tirela, za su tsinke a ciki ka shiga uku. Linkej kuma in bai ɗauru sosai ba shi ne ƙwas ƙwas ɗin da za ka dinga ji a kan kowane ɗan gargada.

In ka sayi linkej mai saitin tsawo ga amfaninsa. Ɗaure gefe ɗaya, ka sa wani mai nauyinka ya zauna a kujerar direba, sannan ka daidaita tsawon ɗayan har ƙusar ta shige ramin da kanta ba tare da ka danna sandar ba, ka kulle notin. Haka motar za ta yi hali ɗaya a kwanar hagu da ta dama. Wanda ya sauke motarsa ƙasa da gajerun sifirin shi ya fi buƙatar wannan, don hannun sandar ya dawo kusan kwance daidai da ƙasa.

Kafin ka fito leƙa ko'ina, sandar kar ta taɓa salansa ko lowa am ko shaf ko tiyon birki, ka tuna komai na motsi in mota na tafiya, sararin da bai kai yatsa ba bai isa ba. Canza sanda kaɗai bai taɓa alayimen, ba sai ka je ba.

Gwaji

Je wurin mai faci a daidaita iska, 35 psi gaba da baya in tayar kamfani ce, tana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe tayar na sanyi. In iska ba daidai ba duk abun da ka ji a gwaji ƙarya ne. Bar na'urar hana zamiya a kunne, kar ka taɓa maɓallin. Fara zagaya unguwa a hankali gilashi a sauke kana saurare, ƙwas ƙwas linkej ne, ƙiiƙii bushin ne, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe kuma wani abu na taɓa wani, koma ka duba.

Bayan nan nemi fili mai kwalta ko siminti da babu mutane babu turaku, ba titin gari ba, ba kuma wurin biki da yara ke tsaye a gefe ba. Yi da'ira mai faɗi a giya ta biyu kana ƙara gudu kaɗan kaɗan ka lura wanne ke fara saki, hanci ko baya. Sannan a tsakiyar da'irar ɗaga ƙafa daga totur ka ji abun da bayan zai yi. Abun da ake so shi ne hancin ya ɗan ƙara shigewa ciki a natse, ka ji motar na juyawa a ƙarƙashinka kana iya tare ta da ɗan sitiyari. In bayan ya fizge lokaci ɗaya toh ta yi tauri, in kana ramin laushi ne dama, sai dai ka ƙara ta gaba ko ka koma ta kamfani, shi ya sa kar ka yar da tsohuwar. In kuma har yanzu hancin na turjiya matsa rami ɗaya, ɗaya tak, ka yi sati kana tuƙi kafin ka sake taɓawa. Kar ka canza sanda da taya da sifirin rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi me ba.

Akwai kuma kuɗin da za ka biya a titunanmu wanda masu sayarwa ba sa faɗa don su a kwalta mai santsi suke gwadawa. In tayar hagu kaɗai ta faɗa rami sandar na kai wa ta dama labari, motar ta dinga kaɗa kanka gefe da gefe, a hanya mai gargada za ka ji bambanci sosai. In kana hawa gangaren gidan mai ko ƙofar gida a karkace tayar baya ɗaya na iya ɗagewa daga ƙasa, difarenshal ɗin motar nan kuma irin Torsen ne, yana buƙatar tayoyin biyu su ji ƙasa kafin ya raba ƙarfi, in ɗaya na sama sai ta dinga juyawa a banza kai kana tsaye. Ɗan ja birkin hannu kaɗan yana taimakawa ta kama. Ruwan farko na damina kuma, lokacin da ƙura da man da suka taru wata da watanni suka jiƙe suka zama sabulu, ranar ce za ka san ainihin saitin da ka yi, ni duk shekara in hadari ya fara haɗuwa nake mayar da tawa ramin laushi, minti goma sha biyar ne a ramin gareji.

In ka yi kamar kilomita 100 koma ka sake bin notin shida da sifana, sabon bushin na zama ya saki kaɗan. Giris kuma ƙurar hunturu na manne masa ta mayar da shi kamar yashi, in ka fara jin kuka wajen Fabrairu ko Maris kwance kilam biyun kawai, zare bushin ka wanke da ruwan sabulu ya bushe, ka sake shafa sabo ka mayar, ba sai ka taɓa linkej ba.